Wuta a Gindi, Ƙanƙara a Ciki: Tarihin Firjin Gas na Matafiya

Duk wanda ya leƙa bayan firjin gas na matafiya a karon farko yakan ɗauka an manta ba a saka masa inji ba. Babu kwamfiresa, babu fanka, babu wani abu mai juyawa. Baƙaƙen bututan ƙarfe ne kawai, an lanƙwasa su sama da ƙasa, sai ɗan harshen wuta shuɗi a can gindi. Wannan 'yar wutar ce ke daskarar da ruwa a cikin akwatin. Masu yawon shaƙatawa a dazuzzukan Ostireliya, da masu jan tirelar kwana a Turai da Amurka, sun shafe shekaru da dama suna sanyaya nama da madara da irin wannan firji, wanda ke aiki ta hanya uku: iskar gas, wutar gida, da batirin mota. Ƙorafinsu kuma kusan guda ne tun da can: a kan gas yana yi lafiya lau, da an mai da shi kan lantarki sai ya yi lakwas.

Amsar wannan ƙorafi tana cikin tarihin na'urar, domin tun asalinta zafi take ci, kuma ba ruwanta da inda zafin ya fito.

A farkon shekarun 1820 Michael Faraday ya mai da iskar amoniya ruwa a cikin lanƙwasasshen bututun gilashi a Landan, ya kuma lura cewa idan ruwan ya sake tashi ya koma iska, bututun kan yi sanyi ƙarara. Wanda ya mai da abin sana'a Bafaranshe ne, Ferdinand Carré. A 1859 ya yi rajistar wata na'ura da ke amfani da ƙaunar da ke tsakanin ruwa da amoniya: ruwa mai sanyi yana shanye amoniya da yawan gaske, in an ɗora shi a wuta kuma sai ya sake ta. Na'urar Carré ta yi ƙanƙara a gaban jama'a a baje kolin Landan na 1862. A daidai lokacin Amurka na cikin yaƙin basasa, jihohin Kudu sun rasa ƙanƙarar da a da ake saro musu daga tafkunan Arewa, sai aka riƙa satar hanya ana shigo da injinan Carré ta tsakanin jiragen yaƙin da suka toshe gaɓar teku. Amma waɗannan manyan injina ne na masana'anta, masu famfo da bawul, masu buƙatar ma'aikaci a tsaye a kansu. Ba kayan ɗakin girki ba ne.

Ɗalibai biyu ne suka kawar da famfon. A 1922 Baltzar von Platen da Carl Munters suna karatun injiniya a Kwalejin Fasaha ta Sarauta da ke Stockholm, babban birnin Suwidin, lokacin da suka gano cewa in aka ƙara abu na uku, wato iskar haidirojin, a cikin bututun, aka kuma toshe shi ruf da walda, to ruwan zai riƙa kewayawa da kansa ba tare da wani abu ya tura shi ba.

Ga yadda abin yake. A gindi akwai 'yar tukunya mai ɗauke da ruwan da ya ƙoshi da amoniya. Da zafi ya taɓa ta, sai kumfa ta riƙa tashi a cikin wani siririn bututu tana ɗaga ruwan zuwa sama, kumfa ɗaya bayan ɗaya. A can sama amoniya ta rabu da ruwan, ta wuce a matsayin tururi zuwa bututu mai fikafikan ƙarfe, iskar waje ta huce ta, ta zama ruwa, ta gangaro cikin akwatin firjin. Nan take haɗuwa da haidirojin. Matsin da ke cikin bututun gaba ɗaya iri ɗaya ne, kuma ya ninka na iskar duniya fiye da sau goma, amma a wannan sashe haidirojin ce ta ɗauke mafi yawansa, don haka amoniya takan sami sarari ta ƙafe, tana ƙafewa tana zuƙe zafin abin da ke cikin akwatin. Dabarar randa ce, wadda ke tsatsafar da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Bambancin shi ne amoniya, a sarari, tana tafasa tun sanyi na digiri 33 ƙasa da sifiri. Daga nan gaurayen iskar biyu, da yake ya yi nauyi, sai ya sauko cikin wani murɗaɗɗen bututu inda ruwan nan da aka raba da amoniyarsa ke gangarowa a hankali. Ruwan ya shanye amoniya ya koma tukunya, haidirojin kuma da ta yi sakayau ta sake hawa sama. Zafi ke kai kaya sama, nauyi ke dawo da su ƙasa, shi ke nan aikin.

Wani ƙaramin kamfani mai suna Arctic ya fara ƙera firjin a 1923, sannan a 1925 Axel Wenner-Gren, mai kamfanin Electrolux wanda ya yi arziki da injin zuƙe ƙura, ya saye shi. Na farko-farkon sai an haɗa su da ruwan famfo don huce bututun. A 1931 aka fito da wanda iska kaɗai ke huce shi, kuma daga nan ne firjin ya sami 'yancin zuwa duk inda aka ga dama. Su kuwa ɗaliban biyu ba su tsaya nan ba. Munters ya kafa kamfanin busar da danshin iska da har yau ke ɗauke da sunansa, von Platen kuma ya tsara matsewar da kamfanin ASEA ya yi amfani da ita wajen ƙera lu'ulu'un daimon na hannu a 1953.

Har Albert Einstein ya tsoma baki a harkar. Shi da Leo Szilard sun tsara nasu firjin marar inji a Balin, an kuma ba su takardar mallakar fasaha ta Amurka a watan Nuwamba na 1930. Electrolux ya sayi wasu daga cikin haƙƙoƙinsu, amma firjin bai taɓa shiga kasuwa ba. Yau an fi tuna haɗin gwiwar mutanen biyu da wasiƙar da suka aika wa shugaba Roosevelt a 1939 kan makamin nukiliya.

A Amurka kamfanin Servel na garin Evansville a jihar Indiana ne ya karɓi lasisin ƙera firjin Suwidin ɗin daga 1926, yana tallata shi da cewa ba ya ƙara kuma ba abin da zai goge a cikinsa. Kasuwa kuwa akwai ta, domin a tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki a ƙasar. Manoman da ba su da kuɗin Servel suna da wani zaɓi mai ban dariya da kamfanin rediyo na Crosley ya sayar, wai shi Icyball: ƙwallayen ƙarfe biyu da lanƙwasasshen bututu ya haɗa. Kowace safiya a ɗora ɗaya a kan risho na kamar awa ɗaya da rabi, sannan a zura ɗayan cikin akwati, ya ba da sanyi har washegari. A Ostireliya Edward Hallstrom na birnin Sydney ya fara da irin wannan ƙwallo, daga baya ya fito da firjin Silent Knight mai aiki da kananzir ko gas ko lantarki, wanda ya cika gidajen makiyaya na can ƙuryar ƙasar. Kuɗin da ya samu ya zuba da yawa daga ciki a gidan namun dajin Taronga.

Duk da haka firjin wuta ya sha kaye a ɗakin girki. General Electric ya fito da firjinsa mai kwamfiresa a ka a 1927, aka samo iskar Freon a ƙarshen shekarun 1920, gwamnatin Amurka ta yi dokar kai lantarki karkara a 1936, kuma kamfanonin da ke bayan kwamfiresa, irin su General Motors mai Frigidaire, sun fi Servel ƙarfin aljihu nesa ba kusa ba. Masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan ta yi hujja da wannan labari wajen nuna cewa ba kullum fasahar da ta fi kyau ke cin kasuwa ba. Tana da gaskiya ta wani gefe, amma kada a cika yi wa firjin gas kara: in da lantarki za a ciyar da shi, yana cin ninkin-ba-ninkin na mai kwamfiresa kafin ya ba da sanyi iri ɗaya. Kafin ƙarshen shekarun 1950 Servel ya daina ƙera firji.

Sai na'urar ta koma inda wayar lantarki ba ta kai ba, ko inda ba a son ƙara. Ta shiga ɗakunan otel a matsayin ɗan firjin lemo, ta shiga gidajen al'ummar Amish waɗanda ba sa jan wutar gwamnati, ta shiga shagunan ƙauye a Afirka da Asiya. A nan ne tarihinta ya ratso ƙasar Hausa. Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da faɗaɗɗen shirin rigakafi a 1974, ya zama dole a ajiye allurai tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa hannun jariri, kuma a asibitocin sha-ka-tafi marasa wuta firjin kananzir ne ya ɗauki wannan nauyi, irin na Electrolux da na Sibir ta Suwizalan. Tsofaffin malaman asibiti sun san hidimarsa: tace kananzir, gyara bakin lagwani, goge baƙin hayaƙi daga bututu, duƙawa kowace safiya a duba ko wutar shuɗiya ce ko ta koma ja, sannan a rubuta awon sanyi safe da yamma a takardar da ke manne a ƙofa. Gurɓataccen kananzir kaɗai ya isa ya lalata alluran gunduma guda. Yanzu firji mai aiki da hasken rana ne ke maye gurbinsa.

Ɗaya mafakar ita ce motar yawo. Bayan yaƙin duniya na biyu iyalai a Turai da Amurka suka sami mota da hutun shekara, tirelar kwana ta yawaita, kuma tana ɗauke da tukunyar gas ta girki tun asali. Firjin da ba ya ƙara, ba ya buƙatar waya, ya dace da ita daidai. Electrolux ya ware wa wannan kasuwa suna na musamman, Dometic, a ƙarshen shekarun 1960, ya kuma sayar da sashen a 2001; a Amurka Norcold na jihar Ohio ya zama babban abokin hamayyarsa. A wannan zamani ne aka daidaita tsarin hanya uku: gas in an yada zango a daji, wutar gida in an sami soket, batirin mota in ana kan hanya, tunda barin wuta tana ci a mota mai tafiya, balle a gidan mai, ganganci ne. Daga baya aka ƙanƙance shi ya zama akwati mai murfi a sama wanda mutum biyu, ko ɗaya mai ƙarfi, za su iya ɗauka.

To me lantarkin ke yi a ciki? Ba ya juya komai. A jikin tukunyar nan an yi walda da 'yan aljihunan ƙarfe guda biyu, a kowane an zura 'yar hita mai siffar sigari: ɗaya ta bolt 230, ɗaya ta bolt 12. Aikinsu kawai su ba tukunyar zafin da harshen gas ke ba ta. Shi ya sa ƙwararren mai gyara ba ya fara da kwance kusoshi. Yakan kunna firjin a kan gas, ya bar shi awanni, domin wannan na'ura ba ta san gaggawa ba. In ya yi sanyi, to bututan lafiyarsu ƙalau, ciwon yana tsakanin filogi da hita, kuma tazarar nan ba ta da tsawo: fis, waya, makunni, ma'aunin da ke yanke wuta in sanyi ya kai, sai ita hitar. In kuwa ya ƙi sanyi ta duk hanyoyin uku alhali tukunyar ta ɗauki zafi, to a bar zargin waya.

Gwajin hita lissafi ne na 'yan aji uku. A ɗauki misalin firji mai hitar wat 85, wanda ba sabon abu ba ne a ƙananan akwatuna. A cire filogi daga bango, a zare wayoyin hitar, a ɗora mita. Ta bolt 230 ya kamata ta nuna om 620 ko kusa da haka; ta bolt 12 kuwa bai kai om 2 ba, kusan 1.7. In mita ta tsaya cik ba ta nuna komai ba, zaren ciki ya tsinke, sai sabuwa. In kuma aka sami hanya tsakanin wayar hitar da jikin ƙarfenta, to ita ce ke sa firjin jan mutum ko faɗar da makunnin kariya na gida. Fitar da tsohuwar hita daga aljihunta shi ne aikin da ke cin rai, don tsatsa kan kama ta gam, kuma wanda ya sa guduma yana iya fasa bututun da ke cike da amoniya a matse.

Amma yawancin rigimar tana ɓangaren bolt 12, kuma sau da yawa hitar ba ta da laifi. Wat 85 a kan bolt 12 yana nufin amfiya 7, ba tsayawa, awa bayan awa, tunda a firji da yawa wannan layin ba a bi da shi ta ma'aunin yanke wuta ba. Ramin kunna sigari na mota kuwa an yi shi ne don ya gasa ɗan ƙarfe na 'yan daƙiƙoƙi. Filoginsa na riƙe ne da ɗan sifirin a tsini; mota na girgiza, haɗin na sassautawa, wurin na ɗaukar zafi, roba na narkewa. Mai gyara yakan shinshina filogin ma kafin ya buɗe shi, kuma sau tari yakan tarar da ɗan fis na gilashi a ciki ya yi baƙi, ko tsinin ya nutse cikin narkakkiyar roba. Sai kuma siririyar waya. Zafin hita yana raguwa fiye da yadda ƙarfin wuta ke raguwa: in bolt 12 ya zama 10.5 kafin ya iso firji, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zafin ya tafi. Siririn bututun nan mai ɗaga ruwa da kumfa kuwa yana da iyaka. In zafi bai kai ba, ba ya ɗaga ruwan ko kaɗan, sai hita ta yi ta cin batir a banza. Don haka ake auna wutar a bakin hita tana cikin aiki. Wanda ya auna a soket ba tare da kaya a kai ba, zai ga 12 cif, ya tafi yana zargin abin da ba shi ne ba.

Lissafin nan ya shafi duk wanda ya sayi irin wannan firji na gwanjo ya kai shi unguwar da wuta ke zuwa ba ƙarfi. In 230 ya faɗo 180, kusan kashi 40 cikin 100 na zafin ya ɓace, ƙwan fitila na ci, firji kuwa ɗumi.

Batir ma yana da nasa kukan. Na mota mai amfiya-awa 60 zai ƙare ƙarƙaf cikin awa takwas ko tara a kan wannan ja, kuma tun kafin nan zai kasa tayar da inji. Da yawa sun kwana a daji da lemo mai sanyi, suka wayi gari suna neman masu turi. Wannan ne ya sa masu haɗa tirela a Turai suka sa makunni mai aiki da kansa wanda ke ba firji wuta sai in inji na ci. A soket mai ƙafa 13 da ke haɗa mota da tirela, ƙafa ta 10 ce ke kai wannan wuta, ta 11 kuma ita ce hanyar dawowarta. Motoci da yawa an saka musu soket ɗin ba a ja waɗannan wayoyi biyu ba, mai mota ya yi ta canza hita yana mamaki. A gaskiya layin bolt 12 an yi shi ne don ya riƙe sanyin da aka riga aka samu. Mai hankali yakan kunna firjin a wutar gida tun daren jajibirin tafiya. Kuma ba a haɗa hanya biyu a lokaci ɗaya, don zafin ya yi wa tukunyar yawa.

Ko ɓangaren gas ma da ɗan lantarkinsa. Wani siririn ƙarfe na zaune a cikin harshen wutar, an yi shi da ƙarafa iri biyu, waɗanda in sun yi zafi suke haifar da wuta ƙanƙanuwa, 'yan kashi kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya, abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821. Ita ke riƙe da maganaɗisun da ke barin bawul a buɗe. In iska ta kashe wutar, ƙarfen ya huce, bawul ya rufe. Shi ya sa ake danne maɓallin na 'yan daƙiƙoƙi bayan wuta ta kama. In ana saki tana mutuwa, to ko ƙarfen ya kauce daga harshen wutar, ko notinsa ya saki, ko ya mutu. Gizo-gizo ma na son saƙa a bututun kan murhun lokacin da firji ke ajiye, wuta ta koma ja tana hayaƙi. 'Yar ƙofar da gas ke fitowa ta cikinta ba a zura mata allura, sai dai a hure ta ko a canza.

Jan harshen wuta ba ƙaramin abu ba ne, domin yana fitar da iskar guba marar wari. Tsofaffin firjin Servel da aka bari a bukkokin mafarauta sun kashe mutane shekaru da dama bayan an rufe masana'antar, har a shekarun 1990 aka riƙa biyan dala 100 ga duk wanda ya miƙa nasa a lalata. Umarnin masu ƙera na matafiya a yau a fili yake: ba a kunna shi da gas a cikin tanti ko rufaffiyar mota.

Akwai ciwo ɗaya da mita ba ta gani. Tunda nauyi ne ke dawo da ruwan, dole firjin ya zauna daram. 'Yan digiri kaɗan na karkata sun isa su tare ruwa a wata kusurwa. Tukunya ta bushe tana ci gaba da shan zafi, sinadarin hana tsatsa da aka zuba a ciki ya daskare ya toshe siririn bututun, kuma wannan toshewar ba ta warkewa. A kan hanya ba matsala, girgizar mota na motsa ruwan; a ajiye a kan gangare ne ake yin ɓarnar. Tsofaffin masu tirela suna da al'adar kifa firji kai-ƙasa ya kwana, sannan a miƙe shi a bar shi ya huta kafin a kunna. Wani lokaci yana yi, in ruwa ne ya maƙale inda bai kamata ba, amma ba ya narkar da abin da ya riga ya daskare. In kuma aka ji warin amoniya, ko aka ga garin hoda rawaya a gindin tukunya, bututu ya huje, kuma cika shi ba aikin mai gyaran firjin bakin titi ba ne.

Yanayi ma ya yi masa iyaka. Ƙananan akwatunan kan sauke zafi da digiri 20 zuwa 25 ne ƙasa da na waje. A bazarar Suwidin wannan ƙanƙara ce. A watan Afrilu a Sakkwato ko Agadas, inda ake haura 40, ruwan sha mai ɗan sanyi ne kawai, kuma in an matse bayan firjin da bango ko an bar shi a rana, ko hakan ba za a samu ba. Wannan gibi ne ƙananan firji masu kwamfiresar bolt 12, irin Engel na Japan da masu injin Danfoss, suka shiga ta cikinsa, kuma da farantin sola da batirin litiyom suka yi araha sai suka ƙwace yawancin kasuwar. Inda firjin gas ya rage da ƙarfinsa shi ne dogon zama wuri ɗaya nesa da waya: ƙaramin akwati na ƙona 'yan gram ɗari biyu zuwa uku na gas a yini, wato tukunyar gas mai kilo 6 za ta kai shi mako uku zuwa huɗu.